Gilashi, fitila da na'urar sanyi: yadda ake kula da su a motar da ke tsakanin ƙura da damina

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Duwala, Njamena, Faraku da Kumasi sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano, Lome, Tema ko Duwala. Wanda ya sayi irin wannan mota yakan fara da juyen mai, ya duba birki, ya sauya tayoyi. Waifa da madubi da fitila da na'urar sanyi kuwa sai a bar su sai an samu sarari, don ana ganin kayan jin daɗi ne kawai. Sai dai birki mai kyau ba ya amfanar direban da bai hango ramin ba, kuma direban da zafi ya galabaitar ba ya taka birkin a kan lokaci.

Yankinmu yana wahalar da waɗannan kaya ta fuska uku. A Duwala ruwan saman da ake samu a shekara ya haura milimita 3,000, alhali a Njamena bai wuce 500 zuwa 600 ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta watsa ta har gaɓar teku. A Maris da Afrilu zafin Garwa, Marwa da Njamena yana haura digiri 40. Mota ɗaya da ta ɗauki kaya daga Duwala zuwa Kuseri tana iya tashi cikin ruwa ta isa cikin ƙura.

Gilashin gaba

Gilashin gaba, wanda a garejin ƙasashen da ke magana da Faransanci ake ce wa parabris, falle biyu ne aka manne da siririyar leda a tsakani. Shi ya sa idan dutse ya same shi yake tsagewa amma ba ya zubewa. Na ƙofofi a yawancin motoci wani iri ne daban, wanda in ya fashe sai ya warwatse ƙanana kamar tsakuwa.

Ba dutse ne ya fi lalata shi ba, busasshen tsumma ne. Ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma goge ta ba ruwa daidai yake da bin gilashin da samfefa mai laushi. Da rana ba a ganin ɓarnar. Da dare ne, idan fitilar wata mota ta haske shi, hasken yake tarwatsewa cikin dubban zane-zanen nan ya rufe wa direba ido. A fara kwara ruwa ya sauko da ƙurar, sannan a sa tsumma mai laushi, wanda ba a goge jikin mota ko taya da shi ba.

Cikin gilashin ma yana datti, ko da ba a taɓa shi ba. Zafin rana yana sa robobin gaban mota su riƙa fitar da wani maiƙo da ke kwanciya a kansa, hayaƙin taba kuma ya ƙara. Wanda ya taɓa fuskantar gabas da hantsi ko yamma da la'asar sakaliya ya ga gilashi ya yi fari fat, wannan maiƙon ne. A goge shi sau biyu a wata da ruwan wanke gilashi, a bi da busasshen tsumma mai tsabta.

Idan dutse ya ɗan fasa wuri, kuma faɗin bai kai kwandalar sefa 100 ba, wato dala ashirin, ana iya cike shi da wani gam na musamman, muddin ba daidai idon direba yake ba kuma ba a bakin gilashi ba. Kafin a kai ga mai gyara, a manna salatif mai haske a kai don kada ƙura ta shiga. Abin da ke mayar da ɗan tabo doguwar tsaga shi ne sauyin zafi farat ɗaya: a watsa ruwan sanyi kan gilashin da ya wuni a rana, ko a sakar masa iskar na'urar sanyi da ƙarfi. Idan kuma sauyawa za a yi, a sani cewa a motocin zamani gilashin gaba da gam yake manne, kuma yana daga cikin abin da ke riƙe rufin mota in ta kife. Jakar iskar fasinja ma a motoci da yawa da shi take tokara idan ta fito. Don haka kada a karɓi mota a hau hanya mai gargada da ita kafin gam ɗin ya kama.

Baƙar leda da ake manna wa gilashi tana rage zafi, amma tana rage gani da dare, musamman a gilasan gefe na gaba inda ake leƙa madubi. A Faransa tun Janairun 2017 doka ta ce dole waɗannan gilasai su bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya wuce, kuma ma'auni ne mai kyau ko inda ba a tilasta shi ba. Mai shiga Najeriya ya tuna cewa a can baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda.

Waifa da ruwanta

Robar waifa ba ruwa ke kashe ta ba, rana ce. Wata shida ko bakwai na rani tana kwance a kan gilashi mai zafi, ba ta aikin komai, tana bushewa tana tsattsagewa. Ranar da ruwan farko ya sauka sai a kunna ta ta riƙa ƙara tana barin layi-layi. A arewa lokacin sauya ta shi ne gab da faɗuwar damina, sau ɗaya a shekara. A kudu, inda take aiki kusan kullum, ana iya buƙatar sau biyu.

Hannayen biyu sau da yawa ba tsawonsu ɗaya ba, na direba ya fi tsawo, kuma maƙalarsu ta bambanta daga mota zuwa mota. Mafi sauƙi a cire tsohuwar a je da ita kasuwa. In an cire, kada a bar ƙarfen a tsaye, domin idan ya faɗo da ƙarfin sifirin ɗinsa yana iya fasa gilashi. Idan sabuwar roba ce amma har yanzu tana tsallake wani wuri, to sifirin ɗin hannun ne ya saki ko ƙarfen ya lanƙwashe.

Kada a kunna waifa kan busasshiyar ƙura. A fesa ruwa tukuna. Wannan yana nufin tankin ruwan ya kasance a cike da rani ma, ba da damina kaɗai ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yana toshe ƙananan ramukan da ke fesawa, garin sabulun wanki kuma yana kwanciya a ƙasan tanki ya toshe famfo, ya kuma busar da roba. Ruwa mai tsabta da ɗan ruwan wanke gilashi ya wadatar. Ramin da ya toshe ana buɗe shi da allura, a wasu motocin ma da allurar ake karkata shi ya fesa tsakiyar gilashi. Idan tanki ya ƙare kada a yi ta jan maɓallin, famfon yana ƙonewa in ya yi ta juyawa a bushe.

Idan gilashi ya yi gumi

Ana tsakiyar ruwa, tagogi a rufe, mutum biyar a ciki da jiƙaƙƙun kaya, sai gilashi ya fara yin fari ta ciki. Danshin numfashi ne yake kwanciya a kan gilashin da ruwan sama ya sanyaya. Gogewa da tafin hannu ko hula ba ta magani, maiƙo take ƙarawa. Maganin yana gaban direba: a kunna na'urar sanyi, a juya iska zuwa alamar gilashin gaba, a ƙara ƙarfin fanka, a kashe maɓallin da ke juya iskar ciki domin ta waje ta shigo. Na'urar sanyi ba sanyaya iska kawai take yi ba, tana tatse danshin da ke cikinta, kuma busasshiyar iskar ce ke share gilashi. In aka ɗan karkata maɓallin zuwa ɗumi, aikin ya fi sauri.

A nan ne wata al'adar garejinmu take cutarwa. Idan ɗan lagireton hita da ke cikin gaban mota ya fara yoyo, makanike yakan haɗe tiyo biyun a waje ya ce ai a ƙasar nan ba a buƙatar hita. Ana buƙatarta da asubar hunturu da daren damina a tudun Adamawa, kuma tana da wani amfanin da za a zo kansa.

Akwai gumi na biyu da ke rikita mutane a garuruwan bakin teku kamar Duwala, Kwatano da Lome. Da dare, in iska ta yi nauyi da danshi kuma na'urar sanyi tana busa gilashi, raɓar a waje take kwanciya. Ƙara sanyi yana ƙara ta. Waifa ce ke share ta, sannan a kawar da iskar daga gilashi. Gwajin ba wuya: in waifa ta share, a waje take.

Gilashin baya yana da siraran layuka masu ɗaukar wuta su yi ɗumi. Kankare takardar talla da reza yana tsinka su, haka ma kaya masu kaifi da aka jingina. Idan za a goge, a bi tsawon layukan, kada a gitta su.

Na'urar sanyi

A Yawunde da Njamena kilim ake ce mata, a Kano da Kumasi esi. Aikinta ɗaya: kwamfuresa da bel ɗin inji ke juyawa yana matse gas, gas ɗin ya sauke zafinsa a kwandansa, wato siririn lagireton da ke gaban babban lagireto, sannan ya shiga cikin gaban mota ya ɗebe zafin iskar da fanka ke hurowa. Duk abin da ya hana iska ratsa ɗayan waɗannan wurare biyu, sanyi zai ragu ko da gas a cike yake. Wannan ne abin da ya kamata mai mota ya riƙe kafin ya yarda da "gas ne ya ƙare".

Gas ɗin ba man fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. Yana zagaye ne a rufaffiyar hanya. Yakan ɗan ragu cikin shekaru, amma motar da ake ƙara wa gas kowane wata uku yoyo take yi, kuma man da ke shafa kwamfuresa yana fita tare da shi. A nemo yoyon. Yakan nuna kansa da tabon maiƙo da ƙura ta manne a mahaɗar tiyo ko a jikin kwandansa.

Kafin nan a duba abubuwa masu arha. Na farko filtar iskar ciki, wadda a motoci da yawa, har da yawancin Toyota, take bayan durowar da ke gaban fasinja, ana cire ta da hannu cikin minti biyar. Masu ƙera motoci sukan ce a sauya ta wajen kilomita 15,000 ko shekara guda, amma hunturu ɗaya a Marwa ya ishe ta toshewa. Alamarta fanka na ƙara amma iska ba ta fitowa. Wasu sukan zare ta su jefar, iska ta dawo, a yi murna. Daga ranar ƙura za ta riƙa zuwa kai tsaye kan jiƙaƙƙen ƙarfen da ke sanyaya iska ta zama laka, kuma wanke shi sai an kwance gaban mota gaba ɗaya. Na biyu kwandansa: ƙura, ƙwari da ledoji suna toshe shi. A wanke shi da ruwa mara ƙarfi, don injin wanki mai ƙarfi yana lanƙwashe siraran fukafukansa. Na uku fankar lagireto. Idan mota tana sanyi a kan hanya amma da an tsaya a cunkoso sai sanyi ya ɗauke, fankar nan za a fara tuhuma.

Idan ya tabbata gas za a sa, a ɗaga bonet a nemi takardar da aka manna, tana ɗauke da sunan gas da yawansa a giram, yawanci tsakanin 400 da 800 a ƙananan motoci. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 suna amfani da R134a, wanda ya maye gurbin R12 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta haramta irin gas ɗin da ke lalata rufin ozon. Daga Janairun 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin ƙananan motoci da R134a, don haka kusan duk wadda aka ƙera wa Turai bayan nan R1234yf take ɗauke da shi, mai tsada sosai, bakin zubawarsa ma daban. Waɗannan motoci yanzu sun fara cika kasuwannin Kwatano da Lome, kuma gauraya gas biyu ba gyara ba ne. Gas ɗin firji ko na esin ɗaki kuwa bai da wuri a mota: wani yana kama wuta, wani ƙarfinsa ya wuce na tiyon mota. Mai gyara na kirki yana zuƙe iska da danshi da famfo tukuna, sannan ya auna gas a sikeli. Wanda ke zubawa yana taɓa tiyo da hannu yana cewa "ya kusa" yana iya cikawa fiye da kima, kuma gas da ya yi yawa yana rage sanyi ya wahalar da kwamfuresa.

Wajen amfani, motar da ta wuni a rana cikinta yana iya haura digiri 60. A sauke tagogi, a yi tafiyar minti biyu ko uku iskar waje ta kori zafin, sannan a rufe a danna maɓallin juya iskar ciki. Maɓallin nan yana da amfani a bayan babbar mota mai hayaƙi da kan hanyar ƙura, amma a doguwar tafiya da mota cike, iskar da aka yi ta shaƙa ana fitarwa tana kawo kasala da gyangyaɗi. Lokaci-lokaci a buɗe wa ta waje. Da hunturu ma a riƙa kunna na'urar kamar minti goma a mako, domin mai ya zagaya ya hana robobin mahaɗa bushewa.

Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota ta ɓangaren fasinja bayan an kunna ta ba matsala ba ne, danshin da ta tatsa ne. In ya daina ɗiga kuma dardumar fasinja ta jiƙe, ɗan tiyon da ke fitar da shi ne ya toshe. Warin ruma kuma yana raguwa idan aka saba kashe sanyi a bar fanka kaɗai na 'yan mintoci kafin a isa gida.

A doguwar hawa da kaya, irin gangaren da ake haurawa daga ɓangaren Garwa zuwa Ngaundare, ido ya kasance kan allurar zafin inji. In ta fara tashi a kashe na'urar sanyi. In ta ci gaba, a buɗe tagogi a kunna hita da fanka har ƙarshe, domin hita zafin inji take ɗebowa, kuma hakan yakan ba direba damar isa inda zai tsaya lafiya. Amfanin hitar da aka ambata ke nan.

Abu biyu a nan suna kisa. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da za a shiga shago ne a fito, ko an ɗan sauke gilashi, don zafin ciki yana tashi cikin mintoci kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Kada kuma a kwana a mota inji na aiki don a sha sanyi, musamman a gareji ko lungu da iska ba ta ratsawa. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mai barci bai farka ba.

Fitilu

A makarantun koyon tuƙi da ke bin tsarin Faransa ana koyar da lissafi biyu. Gajeriyar wuta, wadda direbobi ke ce wa dim ko kod, dole ta haska aƙalla mita 30, doguwar wuta kuma, wato ful ko far, aƙalla mita 100. Na biyu: don kintata nisan da mota ke ci kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta, a ninka lambar farko ta gudun da kanta. A gudun 50, mita 25 ke nan. A gudun 90, mita 81. Idan aka haɗa biyun, mai gudun 90 da dim yana iya hango amalanke ko tirelar da ta lalace ba fitila a lokacin da ya riga ya makara. Fitila mai rauni tana ƙara taƙaita wannan nisan.

Murfin fitilun zamani roba ce, rana tana mayar da ita rawaya ta dusashe, kuma ba ƙaramin haske take cinyewa ba. Ana goge ta ta dawo, amma in ba a shafa mata abin kariya daga rana ba, 'yan watanni za ta koma yadda take. Ƙwan fitila kuwa yana da lamba da ƙarfi: H4 wat 60 da 55 ne, H7 wat 55. Sa mai wat 100 yana narkar da soket da wayoyi, ya ƙona abin da ke mayar da haske a ciki. Kada a taɓa gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana gajarta ransa. In ɗaya ya mutu a sauya biyun, ɗayan ma yana hanya. Fararen ƙwayayen LED masu arha da ake cusawa a fitilar da ba don su aka yi ta ba, suna burge mai kallo daga waje, amma galibi watsa haske suke yi sama da gefe, su makantar da mai zuwa, alhali kwaltar da ke gaba ba ta ƙaru da komai ba.

Saiti ya fi ƙarfin ƙwai muhimmanci. A tsayar da mota a daidaitaccen wuri, mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a kunna dim. Layin saman hasken ya sauka ƙasa da wannan tsayi da kamar santimita 10 zuwa 12. A jikin fitilun Turai ma ana rubuta shi, 1.0% ko 1.2%. Motocin Turai da yawa suna da ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, mai lamba 0 zuwa 3, wanda wasu suka yi shekaru ba su san aikinsa ba. Idan aka loda but da buhuna, bayan mota ya sauka, gaba ya ɗaga, fitila sai ta koma idon mutane. Maɓallin nan ne ke sunkuyar da ita: 0 in ba kaya, a ƙara lamba gwargwadon nauyi.

Daga Gana har Sudan a hannun dama ake tuƙi, kuma fitilar da aka yi wa irin wannan hanya tana ɗaga haskenta ta dama, wajen bakin titi. Motar da aka yi wa Ingila ko Japan tana ɗagawa ne ta hagu. In an mayar mata da sitiyari amma ba a sauya fitilun ba, duk dare idon masu zuwa take haskawa, kuma saiti ba ya gyara wannan, sai sauyi.

Cikin hazo ko ƙura mai kauri ful ba ya taimako, hasken dawowa yake yi ido. Dim ake kunnawa, da fitilun hazo na ƙasa in akwai, ko da rana tsaka. A lura da motocin da ke da fitilun rana masu kunna kansu, waɗanda Turai ta wajabta wa sababbin samfura tun 2011: a da yawansu gaba ne kaɗai ke kamawa, baya duhu, direba kuma yana ganin allon gabansa da haske ya zaci komai a kunne yake. Jar fitilar hazo ta baya mai tsananin haske ta lokacin da ba a gani ce sosai. Da hanya ta washe a kashe ta, don tana ɓoye fitilar birki.

Fitilun baya, na birki da sigina ba a ganinsu daga kujerar direba. Sau ɗaya a mako a sa wani ya tsaya a baya, ko a matsa kusa da bango da dare a duba a madubi. Sigina da ta fara ƙiftawa da sauri ƙwai ɗaya ne ya mutu.

Madubai, kujera da tagogi

Kujera ake fara saitawa kafin madubi. Ƙafa ta iya taka feda har ƙasa gwiwa na ɗan lanƙwashe, ƙirji ya yi nisan aƙalla santimita 25 daga sitiyari saboda jakar iska, saman matashin kai ya yi daidai da saman kai. Cire matashin nan don na baya su ga hanya, kamar yadda ake gani a wasu motocin haya, yana barin wuya ba kariya in aka daki mota ta baya.

Madubin gefe ba don kallon jikin motarka aka sa shi ba. A buɗe shi waje har sai ɗan gefen mota kaɗai ke fitowa. Ko da haka akwai wurin da madubi ba ya kamawa, daidai inda ɗan bensikin na Duwala, zemijan na Kwatano ko kilando na Njamena yake son ratsawa, don haka kafin a karya kwana a ɗan waiga. Madubin da ke da ƙundu yana nuna abu nesa alhali yana kusa. Na ciki yana da ɗan harshe a ƙasa, in aka ja shi da dare yana rage hasken motar da ke baya. Kyamarar baya kuma ɗan yatsa da ruwa ne gyaranta mafi yawa, kuma ba ta ganin yaron da ya taho daga gefe.

Gilashin ƙofa da ya fara hawa da ƙyar, ƙura ce ta cika robar da yake bi. A wanke ta a fesa silikon. Baƙin mai ko giris yana kumbura roba ya tara yashi. In aka yi ta matsa wa maɓalli, motar da ke ɗaga gilashin ce za ta ƙone.

Fis

Idan waifa, fanka, oda ko fitila ta ɗauke gaba ɗaya, kafin a kira mai wayarin a duba fis. Akwatinsa yana ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet, wasu motocin duka biyu, kuma a bayan murfin akwai zanen da ke nuna na kowane abu. Launi ne ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A mayar da irin wanda aka cire. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, waya ce ta taɓa jiki a wani wuri, kuma naɗa zaren waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa yana mayar da wayoyin motar su ne abin da zai ƙone. Biyu-biyu na kowane launi, da ƙwan fitila ɗaya da robar waifa, duk suna shiga durowar gaba.